Tashi Daban, Sallama Daban

Yau da tambaya zan fara, kuma ina so ka ba kanka amsa tsakaninka da Allah: yaushe rabonka da ka leƙa ka ga na'urori nawa ne WhatsApp ɗinka ko Facebook ɗinka yake buɗe a kansu? Ba wayar da ke hannunka nake nufi ba. Ina nufin kwamfutar shagon da ka je buga takarda wata uku da suka wuce, da wayar abokinka da ka ara ranar da cajinka ya ƙare a wurin biki, da tsohuwar wayar da ka kai Farm Centre ka yi musaya. Idan amsarka ita ce "wallahi ban taɓa dubawa ba", to gyara zama, da kai nake. Ke ma 'yar'uwa, da ke nake.

Ni ma ba da wayona na koya ba, sai da na ji a jikina.

A zangon karatun da ya wuce, ranar ƙarshe ta miƙa wani aiki da malami ya ba mu, na fito daga gidanmu a Kabara a gaggauce na faɗa wani shagon buga takardu. Aikin yana cikin WhatsApp ɗina, sai mai shagon ya ce in haɗa da kwamfutarsa a ciro. Na haska lambar nan mai ɗigo-ɗigo da wayata, nan take duk hirarrakina suka baje a allo. An buga shafin ƙarshe ke nan aka ɗauke wuta. Allo ya yi baƙi ƙirin. Na ce a raina, shi ke nan, ai ta mutu. Na biya kuɗina, na tari adaidaita sahu na wuce makaranta.

Bayan kwana uku sai ga kiran Goggo. "Kai ɗan nan, ya jikin? Ka ga kuɗin kuwa? Kuma don me za ka ɓoye wa babanka ba ka da lafiya?" Na ce, "Goggo, wane kuɗi kuma? Ni lafiyata ƙalau." Ta saka salati. Ashe da aka dawo da wuta aka kunna kwamfutar, WhatsApp ɗina yana nan a buɗe yadda na bar shi. Wani ya zauna, ya bi hirarrakina a tsanake, ya gane wadda ta fi tausayina a dangi, ya rubuta mata da sunana cewa ina kwance a asibiti, kada ta kira don ba na iya magana, ta tura naira dubu 20 zuwa asusun mai magani. Ya gama ya goge hirar. Mai shagon ya rantse bai san komai ba, kuma na yarda da shi, don mutum nawa ne ke zama a kan kujerar nan a wuni? Kuɗin dai ba su dawo ba. Amma abin da ya fi kuɗin ci mini rai shi ne, kwana uku cur wani ƙato yana karanta hirata da mahaifiyata, da abokaina, da wata baiwar Allah da ba zan faɗi sunanta a nan ba.

Ka lura da wani abu. Tun watan Afrilun 2016 WhatsApp yake kulle saƙonni ta yadda daga mai aikawa sai mai karɓa ne ke iya karantawa. Babu wanda ya fasa wannan kullen a kaina. Babu wani gwanin kutse, babu wata na'ura ta musamman. Ni ne na tashi ban rufe ba. Ra'ayina a yau ke nan a dunƙule: mun iya shiga, ba mu iya fita ba. Muna ji da kalmar sirri kamar ƙwai, amma mun ɗauki fita a matsayin abin da ke faruwa da kansa. Alhali tashi daban, sallama daban.

Da haushi ya sa na shiga karance-karance a kan lamarin, sai na tarar ashe ba mu kaɗai ke da wannan ciwon ba. Su kansu injiniyoyin da suka gina intanet sun yi irin kuskurena, kuma sun daɗe suna gyara.

Duk lokacin da ka ga adireshin shafi ya fara da HTTPS, wayarka da babbar kwamfutar kamfanin, wadda ake kira saba, suna magana ne a ƙarƙashin wata ƙa'ida mai suna TLS. Ka tuna zaurancen da 'yan mata ke yi don kada na gefe ya gane? To kusan haka ne, sai dai wannan zaurancen na lissafi ne, kuma duk haɗuwa sabo ake ƙirƙira. Da farko su gaisa, saba ta nuna takardar shaidarta, su yarda da mabuɗin da su biyu kaɗai suka sani. Daga nan duk abin da ya wuce tsakaninsu, wanda ya tsaya a hanya, ko mai Wi-Fi ne ko wani ɗan kutse, shirme kawai zai gani. Ba zai iya karantawa ba, kuma idan ya canza ko harafi ɗaya za a gane.

Amma akwai abu ɗaya da yake iyawa: yana iya katse layin. Saƙon yana cikin akwati a kulle, amma motar da ta ɗauko akwatin, wato ƙa'idar TCP, ba a kulle take ba. Alamar da ke cewa "an gama, ajiye waya" a matakin TCP a fili take tafiya, kuma wanda ke kan hanya zai iya ƙirƙirar ta bogi.

Za ka ce, to sai me don an katse? Bari in ba ka misali. A ce yayanka da ke Kantin Kwari ya aiko maka da saƙo: "Ka ba shi kuɗin bayan ya sauke kayan duka." Saƙon ya taho gutsure biyu. Mugu bai san abin da ke ciki ba, amma ya bar gutsuren farko ya wuce, ya tare na biyu, ya aiko da alamar an gama. Abin da ya iso gare ka shi ne: "Ka ba shi kuɗin." Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kowane harafi na yayanka ne. Amma rabin gaskiya ya yi aikin ƙarya.

Kakanninmu sun san maganin wannan tun kafin a haifi kwamfuta. Duk wanda ya taso a unguwar malamai irin tamu ya san yadda ake rufe wasiƙa, ta ajami ce ko ta boko: haza wasalam. Idan aka karanta maka wasiƙa ba ka ji wannan ba, za ka ce a juya bayan takardar, ko akwai shafin da ya faɗi. Ko salla, da kabbara ake shiga, da sallama ake fita. Wanda ya miƙe bai sallame ba bai idar ba. A wurinmu ƙarshen abu ba ya zuwa a bagatatan, furta shi ake yi.

Wannan darasin sai da injiniyoyi suka sha wuya suka koye shi. Kamfanin Netscape ya fito da SSL 2.0 a 1995, kuma ɗaya daga cikin manyan raunukanta shi ne ba ta da haza wasalam: da zarar layi ya katse, ɗauka ake magana ta ƙare. A SSL 3.0 ta 1996 aka shigo da wani ɗan ƙaramin saƙo, sanarwar rufewa, wanda shi ma a cikin akwatin da ke kulle yake tafiya, don haka na kan hanya ba zai iya ƙirƙirarsa ba. TLS 1.0 ta 1999 ta gaje shi, haka TLS 1.2 ta 2008, har zuwa TLS 1.3 da aka fitar a watan Agustan 2018. Dokar a fili take: kowane ɓangare ya aika da sallamarsa kafin ya daina magana, duk abin da ya zo bayan sallama a yi watsi da shi, idan kuma layi ya katse ba a ji sallama ba, mai karɓa ba shi da tabbacin ya ji maganar duka.

Doka ce mai sauƙi, ko? Amma ka ji yadda ɗan Adam yake. OpenSSL, manhajar da ɗimbin shafukan duniya ke dogaro da ita wajen wannan kulle, ta daɗe tana yi wa katsewar da ba sallama sassauci. A watan Maris na 2020 masu kula da ita suka fitar da sigar 1.1.1e, wadda ta fara ɗaukar irin wannan katsewar a matsayin kuskure ƙarara. Nan take manhajoji suka fara kuka ta ko'ina, don ashe saba da yawa tashi kawai suke yi ba sallama, kuma kowa ya saba da hakan. Mako biyu kacal aka yi, aka fitar da 1.1.1f aka janye gyaran. Sai a OpenSSL 3.0 ta watan Satumban 2021 aka dawo da tsaurin, tare da ba mai rubuta manhaja zaɓin ya kashe shi idan ya san abin da yake yi. Wato rashin sallama ya zama ruwan dare har ta kai ga wanda ya ce a yi daidai shi ya zama mai laifi. Ka san irin wannan a unguwarku, na sani a tamu.

Kada ka ɗauka lissafin takarda ne kawai. A 2013, a taron Black Hat da ake yi a Las Vegas ta Amurka, wasu masu bincike biyu daga cibiyar INRIA ta Faransa, Ben Smyth da Alfredo Pironti, sun nuna abin a aikace. Sun nuna cewa wanda ke iko da layin intanet zai iya tare buƙatar fita a daidai lokacin da mutum ya danna maɓallin fita daga Gmail ko Hotmail a kwamfutar haya: allo ya nuna masa ya fita, ya tashi hankalinsa kwance, alhali asusun bai rufu ba. Sun yi irin wannan ga Helios, wata manhajar jefa ƙuri'a ta intanet. Ba su fasa kulle ba, ba su saci kalmar sirri ba. Sallamar kawai suka tare a hanya. Laifin kuwa na tsarin manhajojin ne, da suka yi saurin cewa "an gama" kafin su tabbatar an gama ɗin.

A nan sai mu rarrabe abu biyu da muke haɗawa, don a nan ni na faɗi. Akwai rufe layi, akwai rufe zama. Idan ka rufe burauza, ko data ta ƙare, ko aka ɗauke wuta, layi ne ya katse. Zamanka yana nan. Ka san katin da ake ba ka idan ka ajiye babur a bakin kasuwa? Mai gadi bai damu da fuskarka ba, duk wanda ya kawo kati shi ne mai babur. Haka shafuka suke yi: da ka shigar da kalmar sirri sau ɗaya, sai a ba burauzar wani ɗan kati da ake kira kuki, daga nan shi take nunawa a madadinka. A watan Oktoban 2010 wani mai rubuta manhaja, Eric Butler, ya saki Firesheep don ya nuna wa duniya yadda ake tsince irin waɗannan katunan a Wi-Fi na jama'a a shige asusun mutane, abin da ya ƙara matsa wa manyan shafuka lamba su koma HTTPS gaba ɗaya. An toshe waccan ɓarakar. Amma babu HTTPS ɗin da zai cece ka idan da hannunka ka bar katin a kan teburin shago. Danna maɓallin fita shi ne ka mayar wa mai gadi katinsa ya yaga a gabanka.

Na san abin da wasu za su ce. "Ni me nake da shi da za a sata? Asusuna ko dubu biyu babu." Ɗan'uwa, ni ma abin da na ce ke nan. Ba kuɗinka ake nema ba, sunanka ake nema. Yardar da goggonka, da kawunka, da 'yan ajinku suka yi maka, ita ce jarin. Ke kuma 'yar'uwa, kin fi ni sanin abin da hoto ɗaya ko muryar da kika tura wa ƙawarki za su iya jawowa a garin nan idan suka faɗa hannun wanda ba ya tsoron Allah. Aure ya sha mutuwa a kan abin da bai kai wannan ba. Kuma ba sirrinka kaɗai ke cikin wayarka ba. Duk wanda ya taɓa gaya maka damuwarsa a rubuce, amana ya ba ka.

Wasu kuma za su ce wahala ce, kullum shiga kullum fita. A nan ina tare da ku rabi. A wayarka ta kanka, mai makulli, wadda ba ka ba kowa, ba sai ka riƙa fita daga komai kullum ba. Maganata a kan na'urar da ba taka ba ce, ko wadda za ta bar hannunka. Su ma masu rubuta manhaja suna da irin wannan uzurin: idan saƙo ya faɗi tsawonsa tun daga farko, kamar yadda shafuka da yawa ke yi, ko an katse za a gane bai cika ba, don haka ba kullum rashin sallama ke zama bala'i ba. Gaskiya ne. Amma wanda ya saba barin ƙofa a buɗe don unguwa lafiya, ranar da ba lafiya ma a buɗe zai bar ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To me za a yi? Abu na farko, yau ɗin nan, kafin ka gama karanta wannan: buɗe WhatsApp, shiga sashen na'urorin da aka haɗa. WhatsApp yana barin a haɗa har na'urori 4 bayan wayarka, kuma zai nuna maka kowacce da lokacin da aka yi amfani da ita na ƙarshe. Duk wadda ba ka gane ba, fitar da ita. Kada ka dogara da cewa za su fita da kansu. Ƙa'idar kwana 14 da ka ji ana faɗa tana aiki ne idan wayarka ce ta yi kwana 14 ba a yi amfani da ita ba. Facebook, Instagram, TikTok da Google duk suna da irin wannan sashen a ɓangaren tsaro, inda za ka ga wuraren da kake buɗe ka rufe su daga nesa. Da na san wannan, da daga cikin adaidaita sahun nan na rufe, da kuɗin Goggo suna nan.

Na biyu, idan dole ta sa ka shiga asusunka a kwamfutar shago, danna fita, sannan kada ka tashi. Sake buɗe shafin ka gani. Idan ya tambaye ka kalmar sirri, an amsa sallamarka. Idan ya shige kai tsaye, da sauran aiki. Idan burauza ta ce ta adana maka kalmar sirri, ce mata a'a. Idan aka ɗauke wuta a tsakiya, ka ɗauka a buɗe kake har sai ka rufe daga wayarka. Mafi sauƙi ma, tura wa mai shagon takardar kawai, ba sai ka buɗe masa ɗakinka gaba ɗaya don zai ɗauki tsintsiya ba.

Na uku, kafin ka sayar da waya ko ka yi musaya a Farm Centre ko Beirut Road, fita daga kowane asusu, cire na Google, sannan ka goge wayar ta koma yadda ta fito daga kamfani. Idan za ka yar da layi, fara cire lambar daga asusunka na banki da na sada zumunta, don layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sake ba wani. Kuma kunna tabbaci mai mataki biyu, wanda a WhatsApp lambobi 6 ne kawai.

Masu shaguna, ku ma da ku nake, da girmamawa. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa masu kafe su yi rajista kuma su ajiye littafin da masu amfani ke sa hannu, ta kuma haramta shiga kwamfuta ko asusun wani ba da izini ba. A 2023 an ƙara da dokar kare bayanan jama'a. Amma tun kafin doka akwai amana. Minti ɗaya ya isa a goge burauza bayan kowane kwastoma. Kwali ɗaya a bango da aka rubuta "ka fita kafin ka tashi" ba zai ci naira ɗari biyar ba.

Sai 'yan'uwana masu koyon rubuta manhaja, na shirin 3MTT da aka fara a 2023 da masu koyo da kansu a YouTube cikin dare. Gobe ku ne za ku gina manhajar makarantunmu, da asibitocinmu, da 'yan kasuwarmu. Kada manhajarku ta tashi ba sallama: ku aika da sanarwar rufewa kafin ku saki layi. Idan ɗaya ɓangaren ya ɓace ba sallama kuma ba ku da hanyar sanin saƙo ya cika, ku ɗauke shi a matsayin guntu, kada ku yi aiki da shi. Kada ku kashe saƙon kuskure don kawai yana damunku. Kada ku nuna wa mutum "ka fita" sai saba ta tabbatar ta yaga katin, kuma a can wurin saba za a yaga shi, ba a burauza kaɗai ba. Farkon aiki kowa na gani, shi ya sa ake ƙawata shi. Ƙarshen aiki ba mai gani sai ranar da ya ɓaci.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi duka nauyi. Wata rana kai ne za ka zauna a kujerar nan ka tarar da hirar wani a buɗe. Ba mai ganinka. A wannan lokacin babu TLS, babu doka, babu mai shago, daga kai sai tarbiyyar gidanku. Danna masa fita, ka yi abin da ya kawo ka. Wanda ya zauna bayana bai yi mini haka ba. Ni dai na yi alkawari zan yi wa na gabana.

Mu 'yan cikin badala mun taso muna jin labarin yadda ake rufe ƙofofin birni idan dare ya yi, kowace ƙofa da sarkinta. Waɗanda suka gina ganuwar Kano, tun daga zamanin Sarki Gijimasu, sun san tsayin katanga ba ya amfana komai idan aka kwana Ƙofar Nassarawa a buɗe. Yau kowannenmu yana yawo da birni guda a aljihu, kuma babu sarkin ƙofa sai kai.

Goggo ta yafe mini, amma har yau idan na tura mata saƙo sai ta sa an kira ni ta ji muryata tukuna. Ban ga laifinta ba. Je ka duba na'urorin nan yanzu, kada ka ce sai an jima. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Haza wasalam.